Mu da Kayan Bakin Hanya

Mu mutanen Kademi Allah ya yi mana kaifin ido. Mutum yana tafe a kan babur, iska na kaɗa masa riga, amma ko noti ne ya faɗo daga jikin mota ya gangara cikin ciyawa, sai ya hango shi. Ba zai tsaya nan take ba. Sai ya wuce, ya sassauta, ya yi kwana a zuwan ya yi mantuwa a gida, ya dawo ya ɗora ƙafa a kai, ya shiga gyaran hula har masu wucewa su yi nisa, sannan ya sunkuya. In ka ce masa, "Malam, lafiya?" amsar tana bakinsa: "Tsintuwa na yi, ai tsintuwa ba sata ba ce." Kada mutanen Gaya da Ajingi su yi mana dariya, don duk kanwar ja ce. Daga Balan zuwa Shagogo, daga Toranke zuwa Gafasa, ba garin da ba a san wannan gyaran hular ba.

To, noti dai noti ne, ba wanda zai kai ka gaban alƙali a kansa. Inda ake kai ruwa rana shi ne manyan kaya, domin bakin hanya a wurinmu rumbu ne da ba shi da ƙofa. Ku bi hanyar gona da kaka ku sha kallo. Ga dammunan gero da na dawa an jingine ana jiran amalanke. Ga barkono da zoɓo an shanya a gefen kwalta, an danne bakin leda da duwatsu. Ga buhunan wake an jera tun asuba ana jiran motar kasuwa, mai su ya koma gida ya karya. Da rani kuma ga tarin kara da harawa, ga bulo da yashin mai shirin gini, ga takin da aka kwaso da jaki aka zube a bakin gona kafin ruwa ya sauka. Da damina wani garmar shanunsa ma a gindin darbejiya take kwana, don gobe da sassafe zai dawo huɗa. Ba a rubuta sunan kowa a jiki ba, amma tsayar da yaro ɗan shekara bakwai ka tambaye shi, zai faɗa maka na gidan wane ne, har da wanda ya yi dakon kayan.

A kan haka ne rannan gardama ta kaure a teburin mai shayi. Wani matashi ɗan acaɓa ya ce shi fa ya ga katako biyu yashe a bakin kwalbati, rana ta dake su, raɓa ta dake su, ba wanda ya waiwaye su, don haka ya ɗauke ya gyara ƙyauren garken awakinsa. Ya dubi Kawu mai faci ya ce, "Kawu, tsakani da Allah, in da mai su yana so ai da bai bar su a nan ba."

Kawu ya ajiye kofi ya ce, "Ɗana, babur ɗin nan naka ina yake kwana?"

"A ƙofar gida mana."

"Ƙofar gidan naku a bakin me take?"

"Bakin hanya."

"To, Allah ya kai mu dare."

Majalisa ta kece da dariya. Yaro ya dage cewa babur da katako ba ɗaya ba ne. Kawu ya ce gaskiya ne, akwai bambanci babba: ɗaya naka ne, ɗayan na wani.

Ba wai ba mu da halastacciyar tsintuwa ba ne. Muna da ita tun kaka da kakanni, kuma da ƙa'idarta. In mai gona ya cire gyaɗa ya kwashe, mata da yara su shiga roro, su tono abin da ya maƙale a ƙasa. In an yanke gero an ɗaure an kai gida, a shiga kala. Tsohuwa ta tara kwano biyu ko uku ta sayi gishiri da daddawa, yarinya ta haɗa kuɗin lallen sallah. Mai gona yana kallo ba ya cewa uffan, wani ma da gangan yake sassauta hannu don marasa ƙarfi su samu. Haka ranar kasuwa, in an gama lodi, hatsin da ya zube a ƙasa na mai tsintsiya da faifai ne, kuma daga nan har Dawanau ba a saba hanawa ba. Mangwaron da iska ta kaɗo kan hanya, yaro ya goge a riga ya sha, ba mai bin sa bashi. Amma duk ɗan garin nan ya san sharaɗin: sai mai abu ya gama nasa ya juya baya. Wanda ya shiga roro alhali gyaɗa tana kife a gona ba a kwashe ba, sunansa daban. Wanda ya taimaka wa iska da jifa, shi ma sunansa daban.

Da maganar katako ta ƙi ƙarewa, sai aka tare Liman bayan la'asar. Ya yi murmushi ya ce wannan ai karatun zaure ne, babin luƙaɗa, yana nan a Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, yana nan a Muhtasar na Shehu Halilu. Wanda ya tsinci abu mai daraja, in ji shi, ba arziki ya samu ba, amana ce ta hau kansa. Zai kiyaye alamomin abin, ya yi cigiya har shekara guda a ƙofofin masallatai da wuraren taruwar jama'a. In shekara ta cika mai shi bai ɓullo ba, yana iya ci gaba da ajiyewa ko ya yi sadaka da shi, amma duk ranar da mai shi ya zo da shaida, biya ya kama shi. Abin da bai taka kara ya karya ba, irin dabino ɗaya ko guntun igiya, wannan ba sai an tara jama'a ba. Raƙumi in ka gan shi a daji ka ƙyale shi, yana iya kai kansa ruwa da kiwo har ubangijinsa ya same shi. Tunkiya ko akuya kuwa, in a dokar daji ce inda ba gari ba gida, an yarda ka ɗauka, don in ka bar ta namun daji ne za su yi kalaci.

Nan take wani daga baya ya gyara zama ya ce, "Allah gafarta Malam, to tunkiyar da na gani jiya a bayan makaranta fa?"

Liman ya ce, "Bayan makaranta dokar daji ce? Kura ake ji wa tsoro a can, ko kai?"

Ita cigiya ma da hikimarta. Ba a zayyana komai. Cewa ake yi, "An tsinci kuɗi a hanyar kasuwa, mai su ya zo ya faɗi nawa ne, kuma a cikin me aka ɗaure su." In ka kuskura ka ce naira dubu ashirin ne a cikin jan ƙyalle, kafin a sallame magariba masu su sun kai goma, kowa da rantsuwarsa. Tsarinmu na gargajiya kuwa a shimfiɗe yake. Dabba ta ɓata an kama, a kai ta turken mai unguwa. In ta daɗe, magana ta je wurin dagaci, daga nan ta kai ga hakimi. Da sanƙira ne ke zaga kasuwa yana shela, yanzu lasifikar masallaci ta ɗauke masa rabin aiki, ga Rediyon Kano da Freedom suna karanta cigiya, ga samari na turawa a WhatsApp. Wato ba a taɓa samun zamanin da neman mai abu ya yi sauƙi kamar yau ba. Wanda bai nema ba, bai so ba ne.

Dokar gwamnati ma ba ta saɓa wa Liman ba. Kundin Final Kod da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya ware laifi na musamman ga wanda ya mayar da dukiyar wani tasa ta hanyar rashin gaskiya, ko da ba daga hannun mai ita ya fizga ba. Sashe na 308 da na 309 ne, kuma hukuncin yana iya kai wa ɗaurin shekara biyu, ko tara, ko a haɗa wa mutum duka. Saboda haka "a ƙasa na gani" ba ta fid da mutum a gaban alƙali, in dai ya san mai abin ko yana da hanyar saninsa ya yi gum.

Sai kuma batun ƙarfe, wanda a ƙasar Gaya abin gado ne. Masu ba da tarihi na cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajidda wuƙar da ya je Daura da ita ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Suna kuma cewa Abagayawa, maƙeran da suka tashi daga Gaya suka je gindin Dala neman tama, suna cikin waɗanda suka fara zama a inda Kano take a yau. Don haka in ka ga ɗanmu ya hango guntun ƙarfe ya kasa wucewa, kada ka ga laifinsa da yawa, jini ne. Bambancin kawai, kakanni tama suke haƙowa su narka su ƙera fartanya, jikoki kuwa fartanyar suke ɗauka su kai sikeli.

A yi wa 'yan gwangwan adalci, sana'a suke yi. Ka ga yaro da buhu a kafaɗa, riƙe da sanda, ya ɗaure mayen ƙarfen tsohuwar lasifika a bakinta, yana jan ta cikin juji, ƙusa da murfin kwalba suna manne mata. Ya tsinci ɓulalliyar langa, da kwanon rufin da iska ta yaye ya yi tsatsa, da tsinkakken silifa, da mataccen batir. Da yamma ya kai wa mai sikeli, a ware baƙin ƙarfe gefe, alminiyon gefe, jan ƙarfe gefe, don kowanne da farashinsa, kuma jan ƙarfen ne sarki. In kaya sun taru a yi lodi zuwa Kano, daga can a kai inda ake narkawa a yi rodin gini da tukwane. Wannan ya fi bara, ya fi zaman kashe wando, kuma ya rage mana juji. Da yawa da shi suke sayen sabulu da littafin makaranta, wasu har da cefanen gidansu.

Inda gizo ke saƙa shi ne sikeli ba ya tambaya. Nauyi kawai ya sani. Shi ya sa matan gari suka fi kowa ƙorafi. Iya mai ƙosai cewa ta yi, "Ni dai 'yar nan, na wanke tukunya na kife a ƙofar gida ta sha rana, na shiga ɗauko murfi, ina fitowa na tarar murfi ya zama maraya." Wata kurfotinta ne ya yi ƙafa, wata bokitin ƙarfen da ta gada wurin uwarta. Da ka ritsa yaron sai ya ce, "Wallahi Iya na zaci yarwa aka yi." Tukunya a wanke tas, tana ƙyalli, an kife ta a kan dutse, wai ya zaci yarwa aka yi.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne kayan jama'a. Famfon burtsatse ya lalace ana jiran mai gyara, a wayi gari hannunsa ya yi layar zana. Wuta ta daɗe ba a kawo ba, waya ta fara raguwa a kan turaku. Makaranta ta tafi dogon hutu, a dawo a tarar tagogi da ƙafafun benci sun riga ɗalibai kammala karatu. Allon da ke nuna kwana a titi, da ƙarfen da ke tare mota a bakin gada, su ma ba su tsira ba. In ka yi magana a ce, "Ai na gwamnati ne, ba mai shi." To, gwamnati ba ta taɓa zuwa ɗibar ruwa a famfon unguwarmu ba. Matanmu da 'ya'yanmu ne ke komawa rijiya da guga, kuma 'ya'yanmu ne ke zama a ƙasa hunturu na busa su ta tagar da babu.

Wannan ɗabi'a ta riga ta jawo wa masu sana'ar na gaskiya baƙin jini a wurare da dama. A watan Yulin 2023 Gwamna Babagana Umara Zulum ya haramta sana'ar tsintar ƙarafa a Borno, saboda 'yan Boko Haram na kashe matasan da ke kutsawa daji neman ƙarfe, ga kuma ɓarnar kayan gwamnati. A Janairun 2025, bayan an yi ta kwashe marafan ƙarfe na ramukan titunan Abuja, hukumar birnin ta hana 'yan jari-bola yawo a cikin gari, ta kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Mutum ɗaya ya cire murfi, mutum dubu suka rasa abinci. Kuma mu faɗi gaskiya, yaro ɗan shekara goma sha biyu bai san inda ake narka hannun famfo ba. Akwai babba zaune a inuwa, wanda ya ga hannun famfo da idonsa, ya gane shi, ya ɗora a sikeli, ya ƙirga kuɗi. Shi ne ɓarawon zaune, kuma shi ya kamata a fara yi wa magana.

Akwai wata tsintuwar da in aka zo kanta raha ke tsayawa, wato in mota ta faɗi. Kowa ya san yadda muke. Ana jin ƙara sai gari ya ɗauka, "Mota ta faɗi!" Wasu su ruga ceto, Allah ya saka musu da alheri, su ne ke fasa gilashi su zaro direba. Wasu kuwa da buhu da bokiti suke rugawa. Direba na kwance yana salati, yaron mota na neman wanda zai ɗaga shi, wani na can bayan mota yana saɓa buhun suga yana cewa ganima ce, rabo ne ya tsaga. Alhali mai kayan yana nan da ransa, wataƙila jarin shekara ashirin ne ya watse a kwalta, wataƙila ma bashi ya ci ya yi lodin.

Maƙwabtanmu na Jigawa sun ga ƙarshen wannan. A daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Fetur ya malala cikin magudanar ruwa, a lokacin lita ta kai wajen naira 1,000, jama'a suka fito da jarkoki da robobi. Wuta ta tashi. Mutum fiye da 150 suka rasu, aka yi musu jana'iza a kabari na bai-ɗaya, wasu da yawa suka ƙone aka kwashe su zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu garuruwa. Ba a rufe wata huɗu ba, ranar 18 ga Janairun 2025, irin haka ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, mutum sama da 80 suka tafi. Allah ya jiƙan su, ya ba iyalansu haƙuri. Ba wanda zai yi musu dariya, don mun san talaucin da ya fito da su, tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi. Wasu ma ceto suka je, wasu kallo. Amma duk wanda ya san halinmu ya san da a kan titin Wudil zuwa Gaya ta faɗi, da wuya a ce ba za a ga jarkokinmu a wurin ba.

Kada kuma a ce duk mun taru mun zama ɗaya. A 2023 wani matashi mai tuƙa Adaidaita Sahu a Kano ya ga kuɗi kimanin naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a bayan kekensa. Ya ji cigiya a rediyo, ya mayar da su cif. Mu a majalisa har gida biyu aka rabu. Wasu suka ce ɗan halak ne, wasu suka ce Allah ya ba shi ya ƙi karɓa. Da kyaututtuka suka fara sauka a gidansu daga ko'ina, sai 'yan gida na biyu suka koma cewa dama su sun san yaron kirki ne. A nan gida ma ba mu rasa irinsa. Akwai tsohon da zai tsinci akuya ya yi wata yana ba ta dusa da harawarsa, in mai ita ya zo ya ce a bar kuɗin kiwo. Akwai yarinyar da za ta tsinci waya a hanyar rijiya ta kai wa mai unguwa tun kafin ta sauke tulu. Ba a sa su a rediyo, amma saboda irinsu ne har gobe manomi ke iya barin dami a bakin hanya ya je gida ya yi barci.

Wannan amincin shi ne abin da muke wasa da shi. Ranar da ya ƙare, kowa sai ya kwana a gona yana gadin gero, ko ya biya mai gadi, ko ya kwashe amfani ɗanye ya kai gida ya ruɓe. Ba mu da kuɗin katange kowace gona, ba mu da sito a kowace unguwa. Abin da muke da shi shi ne sanin cewa kayan wane ne, da kunyar a gan ka da shi.

Saboda haka hukuncin majalisarmu bai da tsawo. Abin da aka zubar a juji, da abin da mai gona ya bari bayan ya kwashe, ɗauki, halak ɗinka ne, Allah ya sa albarka. Abin da ya faɗi daga hannun wani, ɗaga shi sama ka ce na wane ne, in ba a amsa ba ka kai wa mai unguwa ko Liman a yi cigiya. Abin da aka ajiye, ko ya shekara a wurin, ba naka ba ne, kuma na gwamnati ma namu ne mu duka. Masu sikeli, don Allah ku riƙa tambayar yaro inda ya samo kaya, in kun ga hannun famfo ko wayar wuta ku riƙe ku aika wa dagaci. Iyaye, in yaro ya shigo gida da abin da ba ku saya masa ba, ku tasa ƙeyarsa ya nuna muku wurin. In kuwa tankar mai ce ta faɗi, jama'a, a bar jarka a gida, a janye yara, a yi nesa.